Fasfo Uku a Jakar Madugu

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan fili ina kaɗa kai, yau dai ga nawa. Ina roƙon a sakaya sunana, ba don ina tsoron kowa ba, sai don akwai wanda na riga na cuta sau ɗaya, ba na so in ƙara masa da tallata sunansa. A farkon shekarun tamanin ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, haifaffen Lafia, ɗan mai fataucin doya. Na koyar a wata firamare a Adogi shekara biyu, sannan Allah ya ba ni sa'a na samu tallafin karatun aikin gona a wata ƙasa ta gabashin Turai, lokacin muna cikin jihar Filato. Abin da aka san ni da shi a unguwarmu shi ne ladabi. Ban taɓa ɗaga ido na kalli babba ba, ban taɓa mayar wa na gaba da ni magana ba. Iyaye da ni suke yi wa 'ya'yansu misali, ni kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

A wurin mahaifina na koyi abin da ya kai ni ya baro. In za su kai doya kudu, mota uku ko huɗu, sai sun naɗa madugu kafin a tashi, kuma babban cikinsu ake naɗawa. Kowa zai miƙa masa takardunsa na haraji da na kaya, shi ke magana da masu shinge, shi ke cewa a tsaya, shi ke cewa a tashi. Ko ya ɗauki hanyar da ba ita ba, ba a yi masa gardama a kan hanya, sai an dawo gida a zauna. Shi kuma madugu ba ya cin abinci sai kowa ya samu, ba ya shiga gari sai motar ƙarshe ta iso. Tun ina ƙarami nake jin Baba yana cewa madugu uban tafiya ne, bin na gaba kuma bin Allah. Na haddace wannan kamar karatun allo, na ɗauke shi har Turai.

Mu uku ne 'yan yankinmu a garin da nake karatu. Na farko wani ɗan unguwarmu ne da ya girme ni da shekara goma, yana karatun injiniya, ya riga mu zuwa. Ya zo hutu gida a shekarar da zan tafi, kuma a tashar motar Lafia Baba ya kama hannuna ya sa a nasa, ya ce masa ga amana. Yaya nake ce masa, amma a nan zan kira shi Madugu. Na biyu abokina ne, ɗan ƙabilar Tibi daga Agyaragu, sa'ana, yana karatun likitan dabbobi. Ya bar mata da jaririya a gida, kuma danginsa ne suka sayar da doyar shekara guda suka yi masa kayan tafiya. Mutum ne mai barkwanci, Hausarsa irin ta kasuwa, Tisha yake kirana saboda koyarwar da na yi. Ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. In ina salla ya kashe rediyo, in zai tafi coci ranar Lahadi ni ke ara masa kwat.

A shekararmu ta uku aka ba mu hutun mako guda kafin jarrabawa, sai muka shirya zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya. Ɗalibai da yawa suna yin haka: a sayi tikitin jirgin ƙasa mai araha, a je a ba ido abinci, a sayo wandon jins biyu ko uku a dawo a sayar, kuɗin tafiya ya fita. Mun samu biza ta kwana biyar da takardar izinin fita daga ƙasar da muke, wadda sau ɗaya ake amfani da ita. Guzurinmu garin rogo ne da ƙuli-ƙulin da aka aiko mini daga gida, sai sukari da kifin gwangwani. Ba mu san kowa a can ba, ba ma jin yarensu, amma murna muke kamar za mu Makka.

A tashar jirgi, kafin mu hau, Madugu ya buɗe wata jakar fata da yake ratayawa, ya ce kowa ya kawo fasfo da tikiti da takardar izini. Ni tun kafin ya rufe baki na miƙa nawa da hannu biyu. Abokina ya ƙi. Ya yi dariya ya ce oga ya yi haƙuri, shi a garinsu fartanyar mutum ba ta kwana a gidan wani, aljihunsa ma bai huje ba. Na ga fuskar Madugu ta canza, sai kunya ta kama ni kamar ni na yi laifin. Na ja abokina gefe na yi masa faɗa, na ce haka ake tafiya a wurinmu, babba ke riƙe takardu, kada ya kunyata ni a gaban yayana. Ya ce mini Tisha, wannan ba motar doya ba ce. Ban saurare shi ba. Na sa hannu na kama fasfon yana riƙe da shi, muka ɗan yi ja-in-ja, ya kalle ni, ya sake mini. Ni da hannuna na kai wa Madugu, har ina ba shi haƙuri a madadin abokina. Daga nan duk iyakar da muka iso sai Madugu ya raba mana fasfo kamar mai rabon goro, ma'aikata su duba, ya sake tattarawa ya zuge jaka.

Ba zan yi ƙarya ba, garin ya yi kyau. Mun sauka a wani masaukin ɗalibai mai gado takwas a ɗaki ɗaya, muka fita yawo a ƙafa don kada mu kashe kuɗin mota. Mun ga ƙananan jiragen ƙasa suna bi ta tsakiyar titi tare da motoci ba sa karo, mun ga wani coci mai rufi kala-kala wanda sai ka riƙe hula kafin ka hango ƙarshensa, mun ga karusan doki suna yawo da Turawa. Abokina ya tsaya ya duba kofaton wani doki, ya ce wannan dokin ya fi shi samun kulawa, in an ba shi aikin wanke shi ba zai ƙi ba. Da rana mukan zauna a wani lambu kusa da famfo mu jiƙa gari mu sha da ƙuli-ƙuli, tsofaffi suna wucewa da karnukansu suna kallonmu, mu ma muna kallonsu. Mun tsaya a gaban shagunan kek mun ci da ido mun wuce. Duk wannan da daɗi, in ban da abu ɗaya.

Madugu ne ke riƙe da taswirar gari, shi ke gaba, kuma ba ya tambaya. A ganinsa tambayar hanya zubar da girma ne. In ya ce dama, dama za a bi ko da bango ne a wurin. In abokina ya ce mu shiga wani wuri mu gani, sai ya ce ba shi cikin tsari. In na nuna wani allo na ce kamar sunan titin da muke nema ne, sai ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kwana biyu muna bin bayansa, ƙafafunmu duk sun yi bororo, rabin abin da muka zo gani ba mu gani ba. Abokina yakan raɗa mini cewa ayarin nan ya fi ƙarfin doya, ni kuma in zungure shi in ce ya yi shiru.

A rana ta uku da hantsi muka fita neman wata kasuwa da aka ce Turkawa na sayar da jins da araha. Awa biyu muna tafiya. Akwai wani mutum-mutumin soja a kan doki a tsakiyar wani fili, sau uku muna wuce shi. A karo na uku abokina ya cire hula ya gaishe shi, ya ce tunda sun saba ya kamata a gaisa. Ni kuma ƙafata na yi mini zogi, ga yunwa, sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tare wata tsohuwa mai jan keken cefane, na faɗa mata sunan kasuwar. Ta miƙa hannu ta karɓi taswirar daga hannun Madugu, ta juya ta, ta nuna mana bayanmu da yatsa, ta yi murmushi ta wuce. Sai bakina ya suɓuce na ce Yaya, ashe tun ɗazu baya muke yi, ai matambayi ba ya ɓata. Abokina ya fashe da dariya, ni ma na dara. Iyakar laifina ke nan a ranar, kuma na yi shekaru ina juya shi ina neman inda ya kai girman hukuncin da aka yi mana, ban samu ba.

Madugu bai ɗaga murya ba. Ya ninke taswirar ya miƙa mini, ya ce tunda mun girma mun fi shi sani, to ga hanya nan. Ya juya ya tafi. Na bi shi ina ba shi haƙuri, ko waiwaye bai yi ba, abokina ya riƙo rigata ya ce in bar shi ya huce, masauki zai koma. Abin da zan faɗa yanzu yana ba ni kunya: wannan yinin shi ne mafi daɗi a tafiyar. Cikin minti goma muka samu kasuwar. Muka sayi wandunanmu, wani Baturke ya ba mu burodi mai zafi kyauta da ya ji na yi masa sallama. Muka je muka hau wani ƙaton lilo mai kama da wilin keke, ya ɗaga mu sama muka ga garin gaba ɗaya da koginsa. Abokina ya saya wa 'yarsa wani ɗan jan takalmi, yana ta auna shi da tafin hannu yana cewa ko ya yi mata yawa za ta girma ta same shi. Ko sau ɗaya jakar fatar nan ba ta faɗo mini a rai ba.

Da la'asar muka koma masauki. Gadon Madugu a gyare, babu kayansa. Mai kula da wurin ya yi mana bayani da hannu da ɗan guntun Turanci cewa abokinmu ya sallame su tun azahar. Muka ruga tasha, jirgin gabas ya daɗe da tashi. A nan ne na ga abokina ya shafa aljihun ƙirjinsa, inda fasfonsa yake zama kafin in raba shi da shi. Bai zage ni ba, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya nemi benci ya zauna da takalmin nan a cinya. Wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Sai bayan kwana biyu na samu Madugu a tarho, bayan na kira ɗakin kwanan ɗalibai sau ba adadi. Ya ce wai sai da ya iso kan iyaka ya ga takardunmu a jaka, ya manta suna ciki. Mutumin da yake raba su yana tattarawa a kowace iyaka, wai ya manta. Ya ce ba zai iya dawowa ba, izinin fitarsa ya ƙare. Na roƙe shi ya ba ma'aikacin jirgin da ke zuwa Biyana, mu za mu jira a tasha, ko ya kai ofishin da ke kula da ɗaliban waje a makaranta ya faɗa musu gaskiya. Sai ya ce kafin a kai nan, ya kamata in gane cewa abin da ya same mu alhakin raina na gaba ne, kuma yana fata na ɗauki darasi. Edita, ka san abin da na yi? Haƙuri na ba shi. A cikin rumfar tarhon nan, a tsakiyar Turai, har durƙusawa na yi ina cewa Yaya na tuba, mutane suna wucewa suna kallona ta gilashi. Ya ce zai ga abin da zai iya yi. Sulallana suka ƙare, layi ya yanke.

Kullum muna tasha muna tarar jirgin gabas. Mu bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya muna zana musu siffar ambulan da hannu, su girgiza kai. Biza ta ƙare, masauki ya sallame mu, muka sayar da wandunan da muka saya a ƙasa da yadda muka saye su, muka koma kwana a tasha. Gari ya ƙare, ƙuli-ƙuli ya ƙare. Ranar da ya kamata mu fara jarrabawa muna zaune a benci, abokina yana karanta mini sunayen cututtukan shanu da ka, ɗaya bayan ɗaya, wai don kada su zube. Na sake kiran Madugu sau uku, kullum a ce ba ya nan. Wata safiya 'yan sanda biyu suka tsaya a kanmu suka nemi takardu. Ba su ci zarafinmu ba, aikinsu suka yi. Suka tsare mu, aka kira mutanen ofishin jakadancinmu, su ma suka yi iya ƙoƙarinsu, suka tuntuɓi makarantarmu. Amsar da ta dawo ita ce an riga an cire sunayenmu, domin an samu labarin cewa da gangan muka gudu muka zauna a ƙasashen Yamma. Takardar da za a iya ba mu ta komawa Najeriya ce kawai.

Daga baya wani ɗalibi ya rubuto mini yadda aka yi. Da hukumar makaranta ta ga mutum uku sun fita ɗaya ya dawo, sai ta kira Madugu ta tambaye shi. Ya ce mun rabu a Biyana, bai san nufinmu ba. Bai ce fasfonmu na ɗakinsa ba. Yana shekarar ƙarshe, ya ji tsoron in aka san ya tsallako iyaka da takardun mutum biyu a jaka, nasa karatun zai taɓu. Ranar da nake durƙushe a rumfar tarho ina ce masa na tuba, ya riga ya yi wannan bayanin. Fushin da ya sa ya tafi ya bar mu zan iya cewa sharrin zuciya ne, kowa yana da ita. Amma wannan zama ya yi ya auna, ya ga karatun mutum biyu bai kai kwanciyar hankalinsa ba.

Na sauka a Lafia da leda ɗaya a hannu. Na zauna a gaban Baba na kwashe labari tun daga tasha na faɗa masa, ina jiran ya tashi ya tafi gidan su mutumin nan. Ya saurara har na gama, sai ya yi mini tambaya ɗaya, wai shin na yi wa madugu gardama a kan hanya ko ban yi ba. Na ce na yi. Ya ce to, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma kada ya ji maganar nan a waje, gidansu da namu ba a taɓa jin kansu ba. Allah ya jiƙan Baba, amma a ranar bai yi mini adalci ba. Shi ya koya mini cewa madugu ba ya shiga gari sai motar ƙarshe ta iso. Ya tuna rabin al'adar da ya hau kaina, ya manta rabin da ya hau kan babba. Ni kuma ɗan ladabi na ce to. Gari ya ɗauka cewa giya da matan Turawa ne suka kore mu, ban buɗe baki na wanke kaina ba, ban wanke abokina ba.

Na yi ta zirga-zirga zuwa Jos ina neman a mayar da mu, amma lokacin tsuke bakin aljihu ne, kuma wanda aka rubuta ya gudu ba a sake ba shi dama. Na koma aji a Adogi. Abokina ya koma Agyaragu ya ɗauki fartanya, a gaban dangin da suka sayar da doyarsu don ya zama likita. Tsakaninmu tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce, amma shekara goma sha biyu ban taka ƙofarsa ba. In mota ta bi da ni ta garin sai in sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a ƙasa. Ina gaya wa kaina cewa fushi nake da Madugu, alhali kunyar abokina ce ta hana ni sakat.

Shekarar da aka ba mu sabuwar jiha, Lafia ta zama hedikwata, sai ga 'yan boko suna ta dawowa gida neman muƙami. Madugu na cikinsu, ya yi ƙiba, ana ce masa Injiniya. Muka haɗu a wani ɗaurin aure, ya rungume ni a gaban jama'a yana cewa ƙanena, ya ce lallai in zo gida yana da ajiyata. Na je. Duk hanya ina shirya maganganun da na tara shekara da shekaru. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar ambulan, ya miƙo mini yana murmushi. Fasfo biyu ne a ciki, da tikitinmu na dawowa, ko lanƙwasa ba su yi ba. Ya ce in duba da kyau, duk ƙaurar da ya yi bai yar da su ba, domin shi ba a taɓa ba shi amana ta salwanta ba. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, yarinta ce, shi ya daɗe da yafe mana. Shi ne ya yafe mana. Na miƙa hannu biyu na karɓa, kuma da kunnena na ji bakina ya ce na gode, Yaya. Ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba.

Washegari na hau mota zuwa Agyaragu. Na same shi a kasuwa a gaban tulin doya, ya rame, furfura ta fito masa, amma yana ganina ya ce Tisha, ya jawo mini benci. Aka kawo ruwa. Na kasa dogon bayani, na ciro fasfon na miƙa masa. Ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya kira 'yarsa, wadda ta zama budurwa tana taya shi ciniki, ya ce ta zo ta ga likita. Na fara zagin Madugu, ina faɗin abin da ya ce mini, ina rantsuwa cewa Allah zai saka mana. Ya bar ni na gama. Sai ya ce, ba da faɗa ba, shi fa bai taɓa riƙe mutumin nan a zuciya ba, don ba yayansa ba ne, bai san shi ba, kuma tun a tasha ya ga irinsa. Ya ce shi bai ba oga fasfonsa ba. Ni ya ba.

Na nemi gafararsa a nan cikin kasuwa, ya ce ya yafe, har ya ɗaura mini doya biyar ya ƙi karɓar ko kwabo. Na yarda ya yafe. Amma yafiya ba ta mayar wa mutum shekarunsa, kuma ban ga dalilin da zai sa in daina fushi ba. Ina fushi da mutumin da ya ɗauki girma kamar rawanin da ake naɗa masa don a rusuna, bai san kaya ne da ake ɗora masa ba. Ina fushi da masu cewa a yi haƙuri ai babba ne, domin da wannan kalmar ake rufe bakin duk wanda aka zalunta a garinmu. Na fi fushi da saurayin nan mai ladabi da ya fi jin tsoron ɓacin ran yayansa fiye da makomar abokinsa.

Ban ce a daina girmama manya ba, har gobe ina durƙusa wa na gaba da ni. Amma ina gargaɗin matasa masu fita waje, ko karatu ko yawon buɗe ido: ku gaishe da babba, ku ba shi wurin zama, ku ɗaukar masa jaka, takardunku kuwa su kwana a jikinku. Al'adar da ta yi aiki a motar doya, inda kowa ya san gidan kowa, ba lallai ta tsallake iyaka da ku ba. Ku kuma da ake ba ragamar tafiya, in ba za ku iya jiran motar ƙarshe ba, kada ku karɓi takardar kowa. In kuma mutum ya nace sai ya ba da nasa, to shi ya sani, amma kada ya miƙa hannu ya zare na wani. Nawa fasfon yana nan a akwatina, ban cika buɗe shi ba. Wanda yake hana ni barci yana Agyaragu.